Shin Duniya Tana da Farko? Gardamar da Girkawa Suka Shekara Dubu Suna Yi

A yau, idan aka tambayi mutum ko duniya tana da farko, daga amsarsa ake gane inda ya sa gaba. Wanda ya ce tana da farko, sai a ɗauke shi mai imani da Mahalicci. Wanda ya ce dama can tana nan, ba ta da ranar somawa, sai a sa shi a sahun masu musun samuwar Ubangiji. Wannan rabo ya zauna daram a zukata, har ana ganin kamar haka yake tun fil azal.

A tsohuwar ƙasar Girka kuwa kusan a juye lamarin yake. Masanan da suka fi nacewa a kan cewa wannan duniya ta soma a wani lokaci kuma za ta rushe wata rana, su ne waɗanda suka ce babu hannun wani abin bauta a gininta. Shi kuwa Aristotal, wanda ya fi kowa kafa hujja a kan cewa ba ta da farko ba ta da ƙarshe, a kan wannan dawwamar ya ɗora hujjarsa ta samuwar wani mai motsarwa na farko marar jiki, wanda ya kira ubangiji. Daga baya kuma, hujjar hankali mafi kaifi da aka kawo don tabbatar da cewa duniya fararriya ce, da kayan aikin Aristotal ɗin aka ƙera ta. Wanda bai san wannan tarihi ba, muhawarar yau za ta zame masa hirar da ya tarar a tsakiya.

Babu ba ta haifar da akwai

Masu binciken farko sun fito ne daga Miletus, birnin fatauci a gaɓar teku, a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, cikin ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Ɗayansu, Anaksimanda, ya ce asalin komai wani abu ne marar iyaka, wanda ba ya tsufa ba ya mutuwa. Daga gare shi sammai da ƙasa suke fitowa, gare shi kuma suke komawa. Tun daga nan aka ga bambancin da zai bi gardamar har ƙarshenta: tushe daban, tsarin da aka fitar daga tushen daban. Kalmar da Girkawa ke kiran duniya da ita, wato kosmos, asalin ma'anarta tsari ne da ado. Saboda haka idan Bagirke ya tambayi ko duniya tana da farko, yawanci tukunya yake nufi, ba yumɓun da aka gina ta da shi ba.

Wanda ya kafa dokar da kowa ya bi shi ne Farmenidis, mutumin Eleya a kudancin Italiya, a farkon ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Hujjoji biyu ya bari. Ta farko, abin da yake akwai ba zai fito daga babu ba, domin babu ba wani abu ba ce, balle a ciro wani abu daga cikinta. Ta biyu ta fi wuyar kaucewa: in ma an yarda cewa ya fito daga babu, me ya sa ya fito a lokacin da ya fito, bai riga ba, bai jinkirta ba? A cikin babu ai babu wata sa'a da ta fi wata cancanta.

Farmenidis ya bi hujjarsa har ta kai shi ga cewa babu faruwa, babu lalacewa, babu ma canji, duk ruɗin ido ne. Kaɗan ne suka bi shi har can. Amma dokarsa ta farko ta zauna, kuma kafin zuwan Kiristanci babu wani fitaccen masanin Girka da ya ce an samar da duniya daga babu. Sun haɗu a kan cewa yumɓun daɗaɗɗe ne. Gardamarsu duk a kan tukunyar take.

Duniyoyi masu zuwa da tafiya

Hiraklitus na Afisa, wajen shekarar 500 kafin Miladiyya, ya ɗauki duniya a matsayin wuta rayayya wadda ba wanda ya kunna ta, tana ruruwa da lafawa bisa ma'auni. Emfedoklis, mutumin tsibirin Sisili, ya ce tushe huɗu ne, ƙasa da ruwa da iska da wuta, kuma Ƙauna da Gaba ne ke karɓa-karɓar mulki a kansu, ɗaya tana haɗawa, ɗaya tana rabawa, har abada. Anaksagoras ya ce da farko komai a cakuɗe yake, sai Hankali ya sa cakuɗar ta soma juyawa, abubuwa suka rarrabu. Shi ne wanda mutanen Atina suka tuhuma da rashin girmama alloli saboda ya ce rana wani narkakken dutse ne mai zafi, har ya bar garin. Wannan ya nuna cewa magana a kan sama a wancan zamani tana iya raba mutum da gidansa.

Masu ra'ayin ƙwayar zarra su suka fi kowa tsayuwa a kan faruwar duniya. Dimokiritus na Abdera ya ce abubuwa biyu ne kawai daɗaɗɗu: ƙwayoyin da ba sa tsaguwa, da sararin da suke yawo a cikinsa. Idan ƙwayoyi suka yi karo suka sarƙe, sai wata duniya ta haɗu. Idan suka warware, sai ta watse. Duniyoyin ba su ƙidayuwa, wasu suna tasowa, wasu suna rushewa, wasu ma ba su da rana ba su da wata. Efikurus, wanda ya buɗe makarantarsa a wani lambu a Atina wajen shekarar 306 kafin Miladiyya, ya gaji wannan ra'ayi. Bai musanta samuwar alloli ba, amma ya ce ba su gina duniya ba, kuma babu ruwansu da ita.

Mabiyinsa Lukiritiyus, mawaƙin Rum na ƙarni na 1 kafin Miladiyya, ya kawo shaida daga tarihi. In da duniya ba ta da farko, me ya sa labarin mawaƙa bai wuce yaƙin Tebes da faɗuwar birnin Turoi ba? Me ya sa har a zamaninsa ake ta gyara ƙirar jiragen ruwa, ana gano sabbin dabaru? A ganinsa wannan alamar ƙuruciya ce. Mabiya Efikurus kuma sun juya tambayar Farmenidis ta biyu ta zama gatse ga masu cewa wani ubangiji ne ya gina duniya: me ya tashe shi daga barcin zamunna marasa adadi ya kama aiki kwatsam? A hannunsu, faruwar duniya hujja ce ta cewa ba a tsara ta da nufi ba.

Maginin Aflatun

Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, ya rasu wajen shekarar 347 kafin Miladiyya. A littafinsa Timayus ya kawo labarin wani Magini nagari wanda ya tarar da abubuwa suna motsi babu tsari, ya dubi wani samfuri madawwami, ya shirya su bisa lissafi har suka zama duniya mafi kyau da za a iya samu. Dalilinsa na cewa duniya ta faru shi ne ana ganinta, ana taɓa ta, tana da jiki, kuma duk abin da yake haka mai faruwa ne. Ya ƙara da wani abu sabo: shi kansa lokaci tare da sama aka yi shi, domin kwanaki da watanni da shekaru ba wani abu ba ne face ƙidayar zagayen rana da wata da taurari. Game da ƙarshe kuwa, ya ce abin da aka ɗaure ana iya kwance shi, sai dai Maginin nagari ne, ba zai so rushe kyakkyawan aiki ba. Duniyar Aflatun tana da farko, ba ta da ƙarshe.

Maginin nan ba mahalicci daga babu ba ne. Kamar maginin tukwane yake, wanda ya tarar da yumɓu. Ko a kan haka ma almajiran Aflatun sun rabu. Zenokiratis, wanda ya shugabanci makarantar daga baya, ya ce labarin hanyar koyarwa ce kawai, kamar yadda malamin lissafi ke zana siffa layi bayan layi don ɗalibi ya fahimci yadda ta haɗu, ba don siffar tana da ranar haihuwa ba. Aristotal ya ce a'a, malaminsu abin da ya faɗa shi yake nufi, kuma ya yi kuskure.

Aristotal da ranar da babu jiya kafinta

An haifi Aristotal a Istagira a shekarar 384 kafin Miladiyya, ya yi kimanin shekara 20 a makarantar Aflatun, ya rasu a 322. A littafinsa na bayanin sama ya lura cewa duk waɗanda suka gabace shi sun ce tsarin duniya ya faru, bambancinsu a kan makomarsa ne. Shi ne ya fito fili ya ce wannan duniyar, da tsarinta da taurarinta, ba ta taɓa somawa ba kuma ba za ta ƙare ba.

Hujjarsa ta farko daga motsi take. A ɗauka akwai wani motsi da shi ne na farko. Kafinsa, abin da zai motsa da abin da zai motsa shi ko dai suna nan a tsaye, ko kuwa sai da suka faru. In sun faru, faruwar tasu canji ce da ta riga motsin da aka kira na farko. In kuwa suna nan a tsaye, to dole wani abu ya sauya kafin tsayuwar ta kau, wannan sauyin ma motsi ne. Ko ta ina aka bi, sai an sami wani kafin na farkon.

Ta biyu daga lokaci take. Kowane "yanzu" iyaka ce tsakanin abin da ya wuce da abin da ke zuwa, ƙarshen wancan, farkon wannan. Wanda ya ce akwai "yanzu" na farko, yana nufin iyakar da babu komai a ɗaya gefenta, wato ranar da babu jiya kafinta. Ko kalmar "kafin lokaci" ma tana warware kanta, domin "kafin" kalmar lokaci ce.

Ta uku ta tunkari Aflatun kai tsaye: duk abin da ya faru yana iya lalacewa, kuma abin da yake iya lalacewa, in aka ba shi zamani marar iyaka, sai ya lalace. Ba a samun farko ba tare da ƙarshe ba. Ta huɗu daga ido take. Misirawa da mutanen Babila sun daɗe suna lura da taurari suna adana bayaninsu, kuma a duk abin da aka gada ba a ga wani canji a sama ta can ƙoli ba. Daga nan ya ce ba da ƙasa ko ruwa ko iska ko wuta aka yi sama ba, da wani abu na biyar ne wanda ɗabi'arsa zagaye ce, ba ya tsufa ba ya lalacewa. Ga masu cewa tarihin ɗan Adam gajere ne kuwa, amsarsa ita ce bala'o'i sukan share al'ummu, a rasa ilimi da sana'o'i, a sake gano su sau ba adadi.

A nan ne abin da masu karatun yau ke yawan tsallakewa yake. Tunda motsin sama ba shi da farko ba shi da ƙarshe, in ji Aristotal, to mai motsa shi dole ya kasance da iko marar iyaka. Jiki mai iyaka ba ya ɗaukar iko marar iyaka, saboda haka mai motsarwar ba jiki ba ne, ba ya canzawa, shi kansa ba ya motsi. Yana motsa sama ne kamar yadda abin ƙauna ke jawo mai ƙaunarsa. In aka cire dawwamar duniya daga wannan gini, sai hujjar ta rasa harsashinta. Filo, masanin Bayahude na Iskandariyya, ya ruwaito cewa Aristotal ya zargi masu cewa duniya za ta lalace da rashin girmama ubangiji. A littafin nasa akwai kuma wata hujja da masana da yawa ke dangantawa ga Aristotal: in ubangiji zai rushe duniya don ya gina wata, sabuwar ko dai ta fi ta da muni, ko su yi daidai, ko ta fi ta kyau. In ta fi muni, ya koma baya. In daidai suke, aikin banza ya yi. In ta fi kyau, to da can bai cika gwani ba. A wajen mai wannan tunani, cewa duniya madawwamiya ce girmamawa ce ga ubangiji.

Mutanen Rumfa da shaidar duwatsu

Wajen shekarar 300 kafin Miladiyya, Zeno, mutumin Kitiyum a tsibirin Kubrus, ya soma koyarwa a wata rumfa mai ginshiƙai a kasuwar Atina, wadda ake kira Sitowa, kuma da sunanta aka san mabiyansa. Su sun bi hanya ta tsakiya. Ubangiji a wajensu wuta ce mai hankali da ta ratsa komai. Bayan dogon zamani, duniya takan ƙone ƙurmus ta koma wutar, sannan a sake fitar da ita. Tunda hankalin da ya tsara ta cikakke ne, ba shi da dalilin sauya komai, sai ta dawo yadda take: a sake haihuwar Sukurat, a sake gurfanar da shi, a sake yanke masa hukunci. Kowane zagaye yana da farko da ƙarshe, jerin zagayen ne ba shi da su. Ba duk mabiyan ne suka iya haɗiye wannan ba. Fanetiyus, a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya yi watsi da batun ƙonewar.

A wannan zamani ne gardamar ta sauko daga sama zuwa ƙasa. Tiyofarastus, magajin Aristotal, ya tattara hujjojin masu cewa duniya fararriya ce don ya amsa su. Mafi jan hankali ita ce ta duwatsu: ruwan sama kullum yana zaizayar tudu yana kai shi kwari, to in da duniya ba ta da farko, da tuni ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Amsar ɓangaren Aristotal ita ce ƙasa tana sabunta kanta, wutar da ke cikinta tana tura sabbin duwatsu sama yayin da tsofaffi ke zaizayewa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda damina ɗaya ke cin gefen kwazazzabo zai gane ƙarfin tambayar.

Shekarar 529

Bayan ƙarnoni, mabiya Aflatun na ƙarshe suka haɗa ra'ayinsa da na Aristotal. Fulotinus, wanda ya rasu a shekarar 270 Miladiyya, ya ce komai yana kwararowa ne daga Ɗaya kamar yadda haske ke fitowa daga rana: hasken ya dogara da ranar, amma ba a taɓa samun ranar babu haskenta ba. Furokulus, shugaban makarantar Atina wanda ya rasu a 485, ya jera hujjoji 18 a kan dawwamar duniya. Gatsen mabiya Efikurus ya dawo a wata kama: in mai yi nagari ne har kullum, mai iko ne har kullum, me zai sa ya jira?

Amsar ta fito daga Iskandariyya ta Masar. Yohanna Filofonus, wanda Larabawa suka sani da Yahaya Annahawi, Kirista ne da ya ƙware wajen sharhin littattafan Aristotal. A shekarar 529, shekarar da dokar Sarki Jastiniyan ta kai ga rufe makarantar falsafa ta Atina, ya fitar da raddi a kan hujjojin Furokulus ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya rubuta wani a kan Aristotal kansa. Bai dogara da nassin littafinsa mai tsarki ba, domin ya san abokan gardamarsa ba su yarda da shi ba. Da bakin Aristotal ya kama Aristotal.

Aristotal ya koyar da cewa abu marar iyaka ba ya kammaluwa a zahiri, ba a ƙetare shi, kuma babu abin da ya fi shi yawa. Filofonus ya ce to madalla. In duniya ba ta da farko, kwanakin da suka shuɗe kafin yau ba su da iyaka, kuma ga shi an ƙetare su an iso yau. In kowane mutum sai da iyayensa suka gabace shi, kuma jerin kakannin ba shi da farko, yaya aka yi layi ya iso kansa? Sannan gobe za a ƙara kwana ɗaya a kan marar iyaka. Ya kuma ɗaga kai sama: Zuhal yana kammala zagayensa a kimanin shekara 30, Mushtari a shekara 12, rana a shekara guda. In zagayen Zuhal ba shi da iyaka, na rana ya ninka shi sau 30, na taurarin da ke zagayawa kullum kuwa sau fiye da 10,000. Ga marar iyaka ya ninka marar iyaka, abin da Aristotal ya ce ba ya yiwuwa. Game da abu na biyar da aka ce an yi sama da shi, ya nuna cewa taurari sun bambanta a launi da haske, kamar yadda wuta ke bambanta gwargwadon makamashinta, don haka sama ba wani jinsi ne na daban ba.

Raddinsa a kan Aristotal ya ɓace. Mafi yawan abin da ya rage daga cikinsa ya tsira ne ta hannun babban abokin gabarsa, Simfilisiyus, ɗaya daga malaman Atina da suka yi ƙaura zuwa fadar Kisra ta Farisa bayan rufe makarantar, wanda ya riƙa kwafo maganganunsa don ya ƙaryata su, yana haɗawa da zagi. Amsar Simfilisiyus ita ce kwanakin da suka wuce ba sa nan gaba ɗaya a lokaci guda, sun shuɗe ɗaya bayan ɗaya, don haka ba tarin abu marar iyaka ba ne. Shi kuwa Filofonus, majalisar coci ta shekarar 681 ta la'ance shi saboda wani saɓani na aƙida da bai shafi wannan batu ba, sai sunansa ya dushe a tsakanin Kiristoci na tsawon ƙarnoni.

Daga Bagadaza zuwa zauren karatu

A duniyar Musulmi ne hujjojinsa suka sami gida. Bayan fassarar littattafan Girka a Bagadaza a ƙarni na 9, Alkindi ya yi amfani da irinsu don nuna cewa jikin duniya da motsinta da lokacinta duk masu iyaka ne. Farabi da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, suka bi ɗaya ɓangaren: duniya ba ta da farko a lokaci, amma samuwarta kacokan ta rataya ne ga Wajibin Samuwa, kamar yadda motsin zobe ke bin motsin yatsa ba tare da tazarar lokaci ba. Imam Gazali, a Tahafutul Falasifa da ya kammala a 1095, ya tattauna mas'aloli 20, ya fara da wannan, kuma ya sa ta cikin uku da ya kafirta masu falsafa a kansu. Lissafin Zuhal da Mushtari da rana yana nan a cikin littafin. Ga tambayar Farmenidis ta biyu kuwa, amsarsa ita ce irada: mai jin yunwa da aka ajiye wa dabino biyu iri ɗaya sak ba zai zauna da yunwa ba, zai ɗauki ɗaya, domin aikin nufi ke nan, ya ware abu daga makamancinsa. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani, ya kuma ce mafi yawan saɓanin a kan suna ne.

Musulmi daga Alƙur'ani suka karɓi aƙidar halitta, ba daga Girkawa ba. Amma hujjar hankali da malaman tauhidi ke kare ta da ita tana da nata tarihin. Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wadda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta kafa dalilin samuwar Allah a kan faruwar duniya, tana kuma kore jerin da ba shi da farko. Almajirin da ke bambance daɗaɗɗe da fararre a gaban malaminsa yana riƙe da bakin wata igiya da ta bi ta Bagadaza da Iskandariyya har Atina.

Abin da ya tsaya, abin da ya faɗi

Shaidar ido ta Aristotal ta rushe. A shekarar 1572 wani sabon tauraro ya bayyana a sama, masanin taurari Taiko Birahe ya nuna cewa ya fi wata nisa ƙwarai, a can inda aka ce babu canji. A ƙarni na 20 aka gano cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma ma'aunin yau ya nuna faɗaɗar ta soma kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Hujjar ninkawa ta Filofonus ma ta yi rauni, tun da lissafin Kanto a ƙarshen ƙarni na 19 ya nuna cewa jeri biyu marasa iyaka suna iya zama daidai a yawa ko da ɗaya yana kama da ninkin ɗayan. Hujjar ƙetarewa kuwa har yau masana falsafa suna jayayya a kanta.

Shekara biliyan 13.8 ɗin nan shekarun tukunya ne. Ko akwai wani hali kafin wannan faɗaɗar, ko lokaci kansa a nan ya soma kamar yadda Aflatun ya ce, ko zagaye ne irin na Mutanen Rumfa, kimiyyar yau ba ta yanke ba. Limamin cocin nan ɗan Beljiyam, Lemetar, wanda ya kawo ra'ayin faɗaɗar a 1927, shi da kansa ya ƙi yarda a mai da shi hujjar addini.

Gadon da Girkawa suka bari shi ne rarrabe tambayoyi huɗu da ake yawan cakuɗawa: ko abin da aka yi duniya da shi yana da farko, ko tsarinta yana da farko, ko lokaci yana da farko, da kuma ko ta dogara da waninta a samuwarta. Dimokiritus ya yarda tsarin ya faru, ya kore magini. Aristotal ya kore farko, ya tabbatar da mai motsarwa. Ibn Sina ya kore farkon lokaci, ya tabbatar da dogaro. Gazali ya tabbatar da duka huɗun. Idan gardamar ta taso a aji ko a dandalin intanet, wani ya ce kimiyya ta tabbatar da halitta, wani ya ce ta kore ta, abin da ya kamata a fara tambayar kowannensu shi ne wacce daga cikin huɗun yake nufi.